Sunaye Biyu da Bakina Ya Kasa Faɗa

Ni ba mai zurfin ilimi ba ce. Aji huɗu na yi a elementare a nan Potiskum, zamanin Turawa. Na fito da karatu mai kyau, na kuma fito da wani hali da har yau bai sake ni ba, wato yawan fargaba. In na kulle ƙofa sai na dawo na taɓa ta. In na sa gishiri a miya sai in tsaya ina tambayar kaina ko na sa. Don haka abin da zan faɗa a nan na auna shi, Allah ya yafe mini idan na ƙara ko na rage.

Da aka yi mini aure, unguwar Hausari aka kai ni, gidan da maigidana yake zaune da mahaifiyarsa. Shi ma'aikacin dabbobi ne, yana bin rugage yana yi wa shanu allura. Wani lokaci sai ya yi kwana huɗu ko biyar a wajen Damagum bai dawo ba. Saboda haka yawancin yini daga ni sai surukata, wadda nake ce wa Inna. Babarbariya ce, iyayenta daga Barno suka zo, doguwa, ba ta da yawan magana. Mijinta ya rasu tun kafin in zo gidan.

Inna ba ta taɓa yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Shirunta ne yake dafa ni. Na ji a bakin mutane cewa ranar da aka ce mata 'yar boko ɗanta zai aura, abin da ta ce kawai shi ne, "To, takarda za mu ci." Wannan magana ta zauna mini a ƙirji. In na tuƙa tuwo na kai mata, sai in laɓe a bakin madafi ina kallon yadda take kai loma, ko zan gane wani abu a fuskarta. Ban taɓa ganewa ba. Shekara guda muna gida ɗaya, maganarmu ba ta wuce gaisuwa da "an kawo ruwa?" ba.

Maigida ya san ina son karatu. Yakan aro mini littafi a ɗakin karatu na gari, ko ya yi wa wani direban lori saƙo ya sayo daga Kano. Na fi son na soyayya, ko da yake a lokacin ba su da yawa, kuma ko da wuƙa a wuya ba zan faɗi haka a gaban mutane ba. A cikin adudu nake ɓoye su, ƙarƙashin zannuwa. Bayan azahar, in aiki ya lafa, sai in shiga ɗaki in karanta shafi uku ko huɗu, kunnena yana waje.

A kakar shekara ta biyu Inna ta kamu da ciwon ido. Ba ta iya kaɗi, ba ta iya fita rana. Sai ta zauna a inuwar rumfa da baƙin ƙyalle a kan idanunta, tana ɓarar gyaɗa da lalube. Wata rana na zo wucewa da tulu, sai ta ce, "Ke."

Na durƙusa na ce, "Na'am, Inna."

"Takardar nan da kike shiga ɗaki kina kallo, me take gaya miki ne? Jiya na ji kina jan hanci."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce labari ne kawai, na mutanen da. Ta ce, "Ɗauko in ji. Zaman nan ya ishe ni."

Littafin da na ɗauko na wani saurayi ne ɗan marina, wanda hannuwansa suka rine da shuni har gwiwar hannu. Yana son 'yar wani madugu da ke zuwa garinsu da ayarin kanwa sau ɗaya a shekara. Kowace shekara sai ya rina mata turkuɗi ya buga shi har yana ƙyalli, ayari ya zo ya tafi bai iya miƙa mata ba, don yana kunyar hannuwansa. Sai a shekara ta uku ita da kanta ta zo bakin karofi, inda ake rini, ta ce a rina mata zare, ta miƙa hannu ta karɓa daga hannunsa ba ta bari ya ajiye a ƙasa ba.

Karanta maganar so a gaban suruka ba ƙaramin abu ba ne. Amma mutanen littafin sun daɗe da shuɗewa, garinsu ma ba a san inda yake ba, sai abin ya zo mini da sauƙi. Kafin kwana uku matan maƙwabta biyu sun fara shigowa da faifansu da gyaɗarsu. Akwai kuma wata Bafulatana mai tallan nono, dattijuwa, wadda take sauke ƙwaryarta a gidanmu ta sha ruwa. Ita da Inna abokan wasa ne, kamar yadda Fulani da Barebari suke.

Ranar da ta tarar da mu ta ce, "A'a! Babarbariya ta shiga makaranta da furfura?"

Inna ta ce, "Zauna, baiwata, ki ji abin da ya fi kukan shanu. Kuma gobe ki rage ruwa a nonon nan."

"Ruwan rijiyarku ne, ai ba baƙo ba ne a cikinki."

Sai ta zauna, nononta yana jiran masu saye, har muka kai ƙarshen babi.

Mako guda muka yi muna wannan littafi. Ranar da muka gama Inna ta ce, "Yaron nan ya iya haƙuri." Da la'asar kuma ta kira ni ɗakinta, ta buɗe wani gwangwani da ban taɓa ganin ta buɗe wa kowa ba, ta ɗebo mini turaren wuta na haɗinta, ta ƙulle a tsumma ta ba ni. Wanda ya san matan Barebari da turarensu ya san abin da wannan yake nufi: ta karɓe ni ke nan. Na koma ɗaki na zauna riƙe da ƙullin, ban ma iya sa shi a kasko ba.

To, a nan ne na yi kuskuren. Da safen da maigida zai tafi Damagum ya miƙo mini sabon littafi, har yana ƙanshin tawada, da hoton keke a bangonsa. Ya ce, "Wannan na zamani ne, bai daɗe da fitowa ba." Na ga yana murmushi, ban kawo komai a raina ba. Ni da nake duba komai sau biyu, ranar ban buɗe shi ni kaɗai na fara dubawa ba. Aiki ya yi yawa, azahar ta yi, mata sun taru, Inna tana cewa, "Ina mai karatun?"

Labarin wata yarinya ce 'yar tela, a wani gari mai tashar jirgin ƙasa. Akwai gidan waya a ciki, da shayi, da agogon hannu. Matan suka ji daɗi, suka ce wannan kamar a Kano. Na juya shafi na biyu, ga wani saurayi ma'aikacin gidan waya ya tsaya da kekensa a ƙofar shagon telan. Idona ya riga bakina isa kan sunansa. Sunan maigidana ne.

Yaran yanzu ba za su gane nauyin wannan ba. Mu a lokacinmu mace ba ta kama sunan mijinta, ko a bayan idonsa. Uwa kuma ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta yabonsa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Maigidana kuwa shi ne ɗan farin Inna. Ita "wancan" take ce masa. Ga ni zaune gabanta, ga sunan a kan takarda har sau uku a shafi ɗaya. Na yi tari, na ce, "Sai Malam ya jingine kekensa." Babu wadda ta lura. Na ci gaba, duk inda sunan ya fito in ce Malam. Na ce a raina na tsira.

Kashegari muka shiga babi na uku. Wani mutum ya shigo labarin, malamin sikeli mai awon gyaɗa, mai hali, yana yawo a motar kamfani. Shi ma yana son 'yar telan. Sai idona ya faɗa kan sunansa. Sunan marigayi surukina ne, mijin Inna. Wannan ma ya fi na farko nauyi. Ban san sa'ad da bakina ya sake cewa "Malam" ba.

Na sani, da na ce "wani Malam kuma", da an wuce wurin. Na yi tunanin haka bayan na wuce layin. Amma na ji tsoron in na raba su Inna za ta ce, "Su ba su da suna ne?" Daga nan kuma me zan ce? Sai na ci gaba a haka, ina fatan mai sikelin zai fita daga labarin da wuri. Bai fita ba. Kowane shafi na ƙara, gyaran yana ƙara wuya.

Haka maza biyu suka zama mutum ɗaya a kunnen matan. Malam ya rubuto wasiƙa mai sanyaya zuciya, Malam kuma ya je ya yi wa telan gorin talauci. Malam ya kai tsohuwa asibiti a kekensa, Malam ya ƙirƙiri ƙarya ya ce an ga yarinyar a inda ba ta je ba.

Ɗaya daga cikin maƙwabtan ta ce, "Wai mutumin nan yana da iskoki ne? Jiya a keke, yau a mota. Jiya zuma, yau maɗaci."

Bafulatana ta ce, "Iskokin me? Namiji ne dai."

Suka yi ta dariya, ni kuwa na sunkuyar da kai a kan littafin.

A rana ta uku muka kai inda abin ya fashe. Da safe yarinyar ta tattara toshin da mai sikeli ya aiko, ta mayar masa a gaban mahaifinta, ta rantse ba za ta aure shi ba ko shi kaɗai ya rage. Da la'asar kuma ta je ɗiban ruwa a famfon tasha, ta gamu da mai keke, ta karɓi wasiƙarsa ta ɓoye a ɗankwali. A littafi wannan yarinya ce mai magana ɗaya. A bakina kuwa, ta rantse ta rabu da Malam da safe, ta koma wa Malam da la'asar.

Inna ta ɗage ƙyallen daga idonta ta ce, "Rufe."

Na rufe.

"Yarinyar da za ta rantse gaban ubanta da hantsi, ta karya kafin rana ta faɗi, ba labarinta za a ji a gidana ba. Na mutanen da ya fi tarbiyya. In na zamani haka suke, ki mayar wa wancan kayansa. Kada a sake shigo mini da takarda."

Matan suka tattara faifansu suka fita sumsum. Bafulatana ma ba ta yi wasa ba ranar.

Kwana biyu abinci bai yi mini daɗi ba. Shirun da ya koma gidan ya fi na da nauyi, don yanzu na san yadda gidan yake in babu shi. Sannan ga wani abu da zai ba wasu dariya: hakkin yarinyar ya dame ni. Na san ta takarda ce. Amma ta tsare mutuncinta, ni na ɓata mata suna a gaban mata huɗu. Wanda ya zauna ya rubuta littafin ma na ci amanarsa. Ina wanke-wanke ina tambayar kaina, shin ƙazafi ga wanda babu shi a duniya zunubi ne? Ban san malamin da zan iya yi wa wannan tambaya ba.

Da maigida ya dawo da rana, ya ci abinci, na gaya masa. Ya yi dariya har yana riƙe ciki.

Ya ce, "Ni fa na ga sunan a shafi na biyu, na ce bari in gani ko wannan karon za ki kira ni."

Na ce, "Ashe da gangan ne? To na Baba fa, shi ma da gangan ne?"

"Wane Baba?"

Na buɗe babi na uku na nuna masa da yatsa. Dariyar ta ɗauke. Ashe bai karanta ya kai nan ba. Ya sosa ƙeya ya ce bari ya je ya yi wa Inna bayani. Na ce a'a. Shi da ita ba sa doguwar magana ido da ido, kuma ba shi ya yi karatun ba, ni na yi.

Da safe bayan ya fita, na share tsakar gida har sau biyu don in ja lokaci. Sannan na je rumfa na durƙusa. Idon Inna ya fara sauƙi, ta daina sa ƙyallen.

Na ce, "Inna, na yi laifi."

"Me kika fasa?"

"Ban fasa komai ba. Yarinyar nan ta littafi, ba ta karya rantsuwa ba. Ni na jawo mata. Maza biyu ne, ba ɗaya ba. Wanda ta kora daban, wanda ta karɓi wasiƙarsa daban."

Ta tsaya da ɓarar gyaɗar. "Biyu? To su ba su da suna ne?"

Tambayar da na gudu kwana biyar ke nan. Na sunkuyar da kai na ce, "Suna da shi."

"To?"

"Mai keken, sunansa irin na..." Sai na juya na dubi ƙofar ɗakin maigida.

Ta bi idona da kallo. Ta ce, "Uhm. Ɗayan fa?"

"Irin na marigayi ne, Inna."

Ban ɗaga kai ba. Can sai na ga gyaɗar da ke kan cinyarta tana zubewa ƙasa. Na saci kallo, ashe kafaɗunta ne suke rawa. Inna dariya take yi, har haƙoranta jajaye da fure suka bayyana. Tun da na zo gidan ban taɓa ganin haka ba.

Ta ce, "La'ilaha illallahu! Kwana uku kin cusa mini uba da ɗa a riga ɗaya!" Ta share ido da gefen mayafi. "Ni ma na ce wannan wane irin mutum ne. To da kin faɗa da bakinki, ai da na tashi na bar miki rumfar. Kin yi daidai, kin kuma yi shirme."

Na ce, "Haka ne, Inna."

"Wane ne mai ƙaryar a cikinsu?"

Na so in yi shiru, amma na gaji da rufa-rufa. Na ce, "Mai sikelin."

Ta ɗan taɓe baki. Ta tsince gyaɗar da ta zube ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "In azahar ta yi ki ɗauko. Ki koma tun farko. Wancan ki ce mai keke, wannan ki ce mai sikeli. Kuma ba sai kowa ya ji dalili ba."

Matan suka dawo. Na ce musu na rikita labarin ne a karatun farko, wanda kuma gaskiya ne. Bafulatana ta ce ai dama boko a gidan Barebari ba zai tafi daidai ba. Muka koma shafin farko.

Wannan karatu na biyu ya fi na farko wuya a gare ni. Yanzu Inna ta san sunan da ke ƙarƙashin "mai keke", ni kuma dole in karanta wasiƙunsa da amsar yarinyar, kalma bayan kalma, ba tsallake. Akwai inda take ce masa in ta ji ƙararrawar kekensa sai allura ta soke ta a shagon babanta. Na karanta shi fuskata tana cikin littafi, kunnuwana kamar an ɗora musu garwashi.

Inna ba ta taɓa cewa komai a kan mai keke ba. In matan suna yabonsa sai ta ce a miƙo mata faifai, ko ta kori kaza. Sau ɗaya dai, da aka ce ya faɗi da keken a kan gada, na ga hannunta ya tsaya cak a cikin gyaɗa, bai motsa ba sai da na karanta cewa ya tashi. Amma mai sikeli, shi kam ya sami lauya. Duk abin da ya yi sai ta nema masa hanzari.

Da ya yi wa telan gori ta ce, "Ba mugu ba ne. Bai iya baki ba ne, sai ya tura dukiya ta yi masa magana."

Da ya yi ƙaryar ta ce, "Wannan kam bai kyauta ba. Amma kishi ne. Irinsu in sun huce sun fi kowa nadama."

Bafulatana ta dube ta ta ce, "Wai ke me ya haɗa ki da mai sikelin nan? Ko ya taɓa auna miki gyaɗa ne?"

Inna ta ce, "Ke me kika sani ban da wutsiyar saniya? Yarinya, ci gaba."

Na ci gaba, ina danne murmushi. Mu biyu kaɗai muka san abin da ake ciki a rumfar nan.

A ƙarshe gaskiya ta fito, telan ya ba mai keke 'yarsa, aka yi biki. Mai sikeli kuma aka yi masa canjin wurin aiki, ya hau jirgi ya tafi. Matan suka yi guɗa kamar a gidanmu ake bikin. Na rufe littafin.

Inna ta ce, "Shi kuma fa?"

"Wa, Inna?"

"Wanda ya hau jirgin. Ya yi aure a can?"

Na ga yadda take kallona, na ji kamar in ƙaga masa mata ta kirki da 'ya'ya, ba wanda zai sani. Amma na riga na ga inda ƙari da ragi yake kai mutum. Na ce, "Littafin bai faɗa ba."

"Duba da kyau."

Na buɗe shafin ƙarshe na juya, na nuna mata bayansa fari fat. Ta sa yatsa ta shafa takardar, ta ce, "To. Irinsu ba sa rasa mai haƙuri da su."

Bayan matan sun tafi ina tattara ɓawon gyaɗa, sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "In wancan ya dawo ki ce ya kawo wani."

Na ce, "Na mutanen da, ko na zamani?"

Ta ɗan yi tunani. Ta ce, "Na da suna da daɗi. Amma ya kawo na zamanin."